Tsarin Ilimi, Shari'a ko Raya Karkara: A Wane Fanni Ya Kamata Ka Yi Bincikenka?

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin digiri na biyu, akwai ɗaliban da kansu ke ɗaurewa. Sun san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: yaran ƙauyensu ba sa zuwa makaranta, ko suna zuwa amma su gama aji shida ba su iya haɗa baƙi ba. Abin da ba su sani ba shi ne sashen da za su kai wannan damuwa. Tsangayar ilimi za ta karɓe ta, tsangayar shari'a za ta karɓe ta, haka ma sashen tattalin arzikin noma da raya karkara. Amma kowanne zai sauya maka tambayar, ya tura ka wurin mutane daban, ya kuma ci maka kuɗi da lokaci gwargwadon nasa hali. Saboda haka zan riƙe batu guda, wato yaran karkara da makaranta, in bi shi cikin fannonin uku domin bambancin ya fito fili.

Tun kafin a je ko'ina, takardarka ta digirin farko ta riga ta yanke rabin hukuncin. Digiri na biyu a shari'a galibi sai wanda ya karanci shari'a tun farko. Na ilimi yana buƙatar digirin koyarwa, ko babbar difilomar koyarwa ga wanda ya fito daga wani fanni, kuma wannan ƙarin shekara ce da ya kamata mutum ya sa a lissafi. Raya karkara ya fi faɗin ƙofa, domin ana iya tunkararsa ta sashen noma, ko nazarin halayyar zaman jama'a, ko labarin ƙasa, ko tattalin arziki, ko da yake sassan noma sukan fifita nasu ɗaliban.

Mu fara da tsarin ilimi, inda mafi yawan mutane ke nufa. Abin bincike a nan ba ya ƙarewa, domin Nijeriya ta daɗe tana yin manufofi. An ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka fitar da kundin manufar ilimi ta ƙasa a 1977. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, mai hedikwata a Kaduna. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekaru tara na farko kyauta ne kuma tilas, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, da sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Wannan sharaɗi shi ya sa kuɗi ke kwanciya shekara da shekaru a Abuja alhali azuzuwa na zubar ruwa. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150, da yawansu suka lalace bayan 'yan shekaru. A 2023 kuma aka kafa hukuma ta musamman domin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Kowane ɗaya daga waɗannan ya isa kundin bincike: me aka nufa, me aka kashe, me ya isa aji, a ina abin ya tsaya.

Sauƙin wannan fanni a bayyane yake. Da wasiƙar jami'a da izinin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai buɗe maka makarantu. Akwai ƙidayar makarantu ta shekara-shekara a ma'aikatun ilimi, akwai binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da UNICEF. Malami mai aiki na iya yin binciken a ƙaramar hukumarsa ba tare da ya ajiye aiki ba. Bayan kammalawa kuma ma'aikatar ilimi, kwalejojin ilimi da ƙungiyoyin agaji duk suna neman mai irin wannan takarda.

Matsalarsa ita ce sauƙin da kansa. Wanda ya taɓa zama a ɗakin ajiye kundayen tsangayar ilimi ya san abin da nake nufi. Kundi bayan kundi, take kusan iri ɗaya, sunan ƙaramar hukuma kawai ake sauyawa. A raba wa malamai ɗari biyu takardar tambayoyi, su zaɓi "na yarda ƙwarai" ko "ban yarda ba" a kan ko talauci na hana yara karatu, a haɗa alƙaluma, a kammala da cewa gwamnati ta ƙara kuɗi. Wannan ra'ayin malamai aka auna, yaran ba a ma gan su ba. Abin takaici ne, domin abin aunawa na gaske yana nan a gaban mai bincike. Ka shiga aji ranar kasuwar garin, ka karɓi rajista, ka ƙirga sunayen da aka yi wa alamar halarta, sannan ka ɗaga kai ka ƙirga kawunan da ke zaune a kan tabarma. Ka dawo ranar da ba kasuwa, ka dawo lokacin noman farko, ka dawo da kaka. Ka ba yaron aji huɗu gajeren labari da Hausa ya karanta maka da baki. Tazarar da ke tsakanin rajista da tabarma ta fi duk wata takardar ra'ayi daraja. Ko adadin yaran da ba sa makaranta a ƙasar ana ta jayayya a kansa: an daɗe ana ambaton miliyan 10.5, sai UNESCO ta fitar da kusan miliyan 20 a 2022, saboda ta haɗa har da masu shekarun sakandare. Ɗalibin da ya tsaya ya fayyace wa ake ƙirgawa a gundumarsa, ko almajirin tsangaya yana ciki, ko yarinyar Islamiyya tana ciki, ya yi aikin da za a amfana da shi. Haka batun ingancin malamai. Jarrabawar da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, wadda sama da 21,000 daga cikin kimanin 33,000 suka faɗi, ta tayar da ƙura sosai, kuma tambayar abin da ya faru da karatun yara bayan sallamar har yanzu tana da sauran wurin bincike.

Shari'a kuwa tambayarta daban ce. Ba ta tambayar me ya sa yaro bai je makaranta ba, tana tambayar hakkin wa aka tauye, wa ke da alhaki, kuma a wace kotu za a kai shi. A nan akwai ƙulli mai daɗin warwarewa. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta samar da ilimi kyauta idan hali ya yi, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta shi. Duk da haka, a 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare hakkin jama'a ta SERAP ta shigar, ta yanke cewa ilimi hakki ne da ake iya nema a gaban kotu. A 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar ƙungiyar lauyoyi masu kare hakki ta LEDAP, ta ce dokar 2004 ta mayar da ilimin shekaru taran nan hakkin da ake iya tilastawa. To me waɗannan hukunce-hukunce suka sauya a ƙauye? Ga kuma dokar 2004 ɗin da ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi sa yaro a makaranta: jan kunne a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, naira 5,000 ko wata biyu daga nan gaba. Ga dokar kare hakkin yara ta 2003, wadda sai kowace jiha ta yi tata, kuma jihohin Arewa suka ɗauki shekaru suna muhawara a kanta saboda batun shekarun aure. Na baya-bayan nan shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, alhali daga kason ƙananan hukumomin ake cire albashin malaman firamare. Lauyan da ya bi wannan zare zai samu aikin shekara biyu cif.

Akwai wani ɓangare da ɗaliban Arewa ke da fifiko a kansa fiye da kowa, wato shari'ar Musulunci. Wajibcin ciyarwa da tarbiyya a kan uba a mazhabar Malikiyya, wa ke riƙon yaro bayan rabuwar aure, matsayin uban da ya tura ɗa almajirci ba guzuri, yadda waƙafi zai iya ɗaukar nauyin makaranta, da abin da hukumomin zakka da waƙafi irin na Sakkwato da Zamfara ke da hurumin yi. Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, da tsangayoyin shari'a na Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, suna da malaman da suka iya wannan. Hujjar da aka gina daga nan ta fi shiga kunnen liman da dagaci fiye da wadda aka ɗauko daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ta fuskar aljihu, shari'a ce mafi araha a cikin ukun. Galibin aikin a laburare ne da kwamfuta: dokoki, hukunce-hukunce, littattafan fiƙihu. Ba ruwanka da damina ko hanyar da ba ta biyuwa. Raunin ma daga nan yake. Kundi da yawa suna ƙarewa da shawarar a gyara sashe kaza, ba tare da marubucin ya taɓa leƙa ko ana aiki da sashen ba. Da zan ba lauya shawara, da na ce ya ware babi guda ya fita waje. Ya je wurin magatakardan kotunan majistare na jiharsa ya nemi shari'o'in da aka taɓa yi a kan hana yaro makaranta. Ko ya samu da yawa ko bai samu ko ɗaya ba, sakamako ne mai nauyi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana ba shi damar neman takardun kuɗi daga hukumomin tarayya. Sai dai ya sani ba kowane malamin shari'a ne ya saba da duba irin wannan aikin fita fili ba, don haka a daidaita tun a takardar neman amincewa da take.

Yanzu raya karkara, wanda zan ɗan daɗe a kansa domin a ganina shi ne ya fi kusa da amsar, kuma shi ne masu damuwa da ilimi suka fi mantawa da shi. Arewa tana da tarihi mai ƙarfi a nan. Tashar binciken noma ta Samaru ta faro tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A shekarun 1960 da 1970, masanin tattalin arzikin noma David Norman da abokan aikinsa suka bi gidajen manoma a ƙauyukan Zariya, suna rubuta aikin da kowa ya yi da abin da aka girba. A lokacin ana yi wa manomi kallon wanda bai waye ba saboda yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Binciken ya nuna cewa lissafinsa daidai ne: haɗin yana rage asara idan ruwa ya ɗauke, yana kuma biyan wahalar da aka sha a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Darasin ya wuce gona. Kafin ka kira abin da talaka ke yi jahilci, sai ka fara yin lissafinsa yadda shi yake yi.

Ka ɗora wannan a kan makaranta. Mai binciken karkara ba zai fara daga aji ba, daga zaure zai fara. Me gidan nan ke rasawa idan yaro ya tafi makaranta daga safe zuwa azahar? Wa zai kora awaki, wa zai kai abinci gona, wa zai ɗebo ruwa idan rijiyar burtsatse ta lalace? Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa ita ce ƙafar mahaifiyarta da ke kulle, kuma daga ribar nan ake zuba adashin da za a yi mata kayan ɗaki. Wanda ya ce a hana talla bai faɗi inda kayan ɗakin za su fito ba, ya bar maganar a rabi. Tura yara almajirci bayan kaka yana da alaƙa da abin da ya rage a rumbu da kuma tafiyar magidanta ci-rani. Ɗan makiyayi kuma ba zai zauna a aji ba idan an nome burtali an tilasta wa iyayensa ƙaura. Nan ne fannin ke haɗuwa da shari'a, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, alhali a ƙauye gado da aro da jingina da saye ne ke tafiyar da gona.

Tarihin shirye-shiryen raya karkara shi ma makaranta ne ga mai son fahimtar dalilin faɗuwar manufofi. Ayyukan bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa sun fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Madatsar ruwan Bakolori kusa da Talatar Mafara ta raba manoma da gonakinsu, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka kashe mutane da dama a 1980. Hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara, wato DFRRI, ta zo a 1986, shirin Fadama ya biyo baya daga shekarun 1990. Kusan kowannensu an tsara shi ne daga sama, kamar yadda aka tsara makarantun almajirai na 2012.

Amma kada a yaudare ka, wannan shi ne mafi tsada da wahala. Dole ka zauna a wurin, ka gaida hakimi da dagaci da mai unguwa, ka yi haƙuri har mutane su daina ɗaukarka a matsayin mai rubuta sunayen tallafi, domin muddin suna ganinka haka kowa zai ce ba shi da komai. Ba za a gane tattalin gida a ziyara ɗaya ba, sai ka ga damina ka ga rani. Kuɗin mota da na mataimaka duk a kanka suke, kuma tallafin karatu na asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ɗalibi mai zaman kansa ba ya ciki. Ga rashin tsaro: bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, akwai gundumomin da bai halatta malami ya tura ɗalibi ba, kuma babu digirin da ya kai ran mutum. Wanda hakan ya tare wa hanya yana da mafita: binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke maimaitawa tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ke komawa gidajen da ya taɓa zuwa duk bayan 'yan shekaru yana tambayar noma da kuɗin shiga da karatun yara, ana sauke shi kyauta a intanet. Sai dai yana buƙatar mutum ya iya lissafin ƙididdiga da gaske. Wannan fanni ma yana da nasa kundayen da aka gaji da gani, na karɓar sabon iri a ƙaramar hukuma kaza, inda ilimi bai wuce layi ɗaya a jadawali ba. Za ka iya haɗuwa da malamin da zai ce batun makaranta ba na sashensa ba ne. Amsarka ita ce aikin yara da rabon hannu a gida tsakiyar tattalin arzikin noma suke.

Ɗaliba mace tana da wata dama a nan da namiji ba shi da ita. Namiji iyakarsa zaure, zai ji abin da maigida ya faɗa. Mace za ta shiga har tsakar gida, ta zauna a bakin murhu, ta ji daga bakin uwa dalilin da ya sa aka cire yarinya daga aji biyar. Wani ɓangare na shawarar karatun 'ya'ya mata a can ciki ake yanke shi.

Ga ɗalibin Nijar, ko ɗan Nijeriya mai jin Faransanci, akwai abin koyi a ƙetaren iyaka. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, wadda masanin zaman jama'a Jean-Pierre Olivier de Sardan yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta shahara wajen nazarin tazarar da ke tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da ma'aikata ke yi a zahiri a asibiti da makaranta da kotu. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 da kwamitocinta na filaye kuma abin kwatantawa ne da dokarmu ta 1978, musamman ga mai aiki tsakanin Katsina da Maraɗi ko Daura da Damagaram, inda jama'ar ɗaya ce amma dokokin biyu.

To wa ya dace da wanne? Malamin makaranta ko ma'aikacin hukumar ilimi mai iyali, wanda ba zai iya barin aiki ba, ya tsaya a tsarin ilimi, da sharaɗin ya auna abin da yara ke yi maimakon abin da manya ke tsammani. Lauya ya tsaya a shari'a ko da karkara ce ke ransa, domin sauya fanni zai zubar masa da shekarun da ya riga ya zuba, kuma gibin da ke tsakanin hukuncin 2017 da ajin ƙauye lauya ne kaɗai zai iya bayyana shi yadda kotu za ta saurara. Wanda kuwa yake da lokaci, yake da ƙauyen da zai iya zama cikin aminci, kuma tambayar da ke hana shi barci ita ce me ya sa iyaye masu son 'ya'yansu suke hana su zuwa, ni raya karkara zan nuna masa. Idan har yanzu kana wasi-wasi, rubuta tambayarka a jimla ɗaya ka duba a hannun wa amsarta take. In a hannun hedimasta da sakataren ilimi take, ka san sashenka. In a cikin doka da hukuncin alƙali take, haka. In kuma sai maigida da uwargida sun buɗe baki, to noma da karkara ne.

Kusan duk tambaya mai kyau za ta taɓa fanni biyu, amma jami'a a sashe ɗaya take ba da digiri. A matakin digirin digirgir ana naɗa wa ɗalibi malamai fiye da ɗaya, kuma ana iya roƙon a ɗauko na biyun daga wata tsangaya, sai dai a nemi hakan da wuri kafin a rufe kwamiti. Kafin ka biya kuɗin fom, je sashen da ƙafarka. Duba kundayen shekaru biyar da suka wuce, ka ga wane malami ne ɗalibansa ke gamawa, ka tambayi ɗaliban da ke ciki tsawon lokacin da babi ke yi a teburinsa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, don haka ka bar sarari a lissafinka. Mai zuwa karkara kuma ya yi ƙoƙari a amince da takensa tun kafin ruwan farko ya sauka, domin wanda shuka ta wuce shi sai ya jira wata daminar.